Farantan Kawu Lawali da Muka Baro

Shekara bakwai ke nan, amma har yau in inbata, na'urar nan ta wutar sola, ta yi kuka a gidan wani sai in tuna da ranar. Ranar da Kawu Lawali ya rasu an kwana biyu ana ruwa a Kaura, irin yayyafin tsakiyar damina da ba ya ƙarfi kuma ba ya ɗaukewa. Rana ba ta leƙo ba ko sau ɗaya, batiran gidanmu suka yi ƙasa. Da hantsi, ana tsakiyar yi masa wanka, sai inbatar, akwatin nan da ke manne a bangon zaure, ta fara: tsit, tsit, tsit, kamar tsakon da ya ɓace wa uwarsa. Daga cikin gida muna jiyo maza suna shawara ƙasa-ƙasa. Wani ya danna wani abu, kukan ya ƙaru. Wani ya ce a zare waya, wani ya ce kada a taɓa. Mutum ɗaya ne a gidan ya san yadda ake rarrashinta, shi kuwa ana naɗe shi a likkafani. Haka ta yi ta kuka har aka fita da shi, har aka dawo daga maƙabarta. Sai bayan la'asar, da gajimare ya ɗan tsage, ta yi shiru don kanta.

Ƙanin mahaifiyata ne. Ina da shekara goma sha tara a lokacin, ina ajin farko a jami'a. Yanzu ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a nan Kaura. Duk shekara in ranar ta zagayo, abin da nake yi bai wuce in yi masa addu'a in raba waina a unguwa ba. Bana na kasa tsayawa a nan. Mako biyar ke nan ana neman wata takarda da ya bari a hannuna, kuma tun daga ranar ban zauna wuri ɗaya na shanye kofin shayi ba. In na ba da ita, za a je a kwance farantan sola da ya kafa a ƙauyenmu a kawo su Kaura. In na hana, za su ci gaba da tsayuwa can, a garin da babu mu. Ba zan ambaci sunan ƙauyen ba. Yana tsakanin Zurmi da Shinkafi, kuma duk wanda ya san yankin ya san abin da ya sa ake ɓoye suna a yanzu. Sunayen masu rai da za ku gani a nan ma na aro ne.

A kan falwaya Kawu ya fara aiki. Shekara goma yana hawa da igiya a ƙugu, yana gyaran wayoyin da suka bi hanyar Shinkafi. Yakan ce ƙuruciyarsa ta ƙare ne wajen ɗaure wayar da babu komai a cikinta, sai tsuntsaye a kai. Daga ƙofar gidan kakanmu a ƙauye ana hango turakun wuta can bakin titi, sun jeru sun wuce kamar baƙin da ba gidanka suka nufa ba. Mahaifiyata ta ce tun yana ƙarami yake tsayawa yana kallonsu. Ranar da ya ajiye wannan aiki ya ce zai koma harkar sola, mutane suka ce Lawali ya bar albashi ya koma shanyar gilashi. A lokacin ba kowa ya taɓa ganin faranti ba. Waɗanda suka gani ma a kan rufin wani ɗakin magani suka gan shi, ya daɗe da mutuwa, tantabaru sun yi sheƙa a ƙarƙashinsa.

Yana da wata hanyar aiki da ta gajiyar da duk wanda ya bi shi. Ba ya haƙa rami ko ɗaya sai ya ci kasuwa uku a gari. Zai sauka, ya zauna gindin tsamiya ko bakin rijiya, ba takarda a hannu, yana tambayar abubuwan da kowa ke ganin ba ruwan injiniya da su: wa ke fara zuwa ɗibar ruwa, yaushe mata ke kai niƙa, wane gida ne ba ya gaisawa da wane. Abokan aikinsa suna zaune cikin mota da kaya suna fifita, suna cewa ya mai da aikin kwana huɗu na wata guda. Shi kuwa cewa yake waya ba ta taɓa ba shi wahala ba, mutane ne aikin. Ya kafa a garuruwa da dama wajen Moriki da Kurya kafin ya waiwayi namu. Ya bar mu ƙarshe ne don kada a ce ya fara da gidan ubansa, abin da mahaifiyata ba ta gama yafe masa ba har yau.

A ƙauyenmu kowa ƙwan fitila yake so a ƙofar ɗakinsa. Kawu ya yi ta lallashi har aka yarda a fara da ruwa da niƙa. Da yake ranar ba ta isar kowa lokaci guda, sai ya raba ta, kuma bai raba da agogo ba, don agogon bango biyu ne a garin, ɗaya ya tsaya. Daga hantsi zuwa azahar na injin niƙa ne. Daga azahar zuwa la'asar famfo ya cika tanki. Abin da ya rage batir ya ajiye wa firjin magani da cajin waya da fitilar masallaci. Ladan ya wayi gari da sarautar da ba wanda ya naɗa shi. In barci ya ɗauke shi ya makara da kiran azahar, mai niƙa ya yi ta murmushi, mata masu jiran ruwa kuwa su aika a buga masa ƙofa.

Na je hutu shekarar da aka gama, ina da shekara goma sha biyar. Na tsaya a gaban farantan na daɗe, sun jeru a kan ƙafafun ƙarfe a bayan gari, shuɗi mai duhu, gajimare yana tafiya a cikinsu. Na ce masa kamar tafki ne aka ɗaga aka jingine. Ya yi dariya ya ce, "Ma'u, ke dai komi sai kin maishe shi waƙa. Matsa, bisa waya kike tsaye."

Daga nan aka kira shi Abuja, cikin waɗanda za su zauna su tsara ƙa'idojin ƙananan tashoshin wuta na ƙauyuka da yadda za su zauna da babban layi na ƙasa. Shekarunsa uku na ƙarshe a can ya yi su, tsakanin ofis mai sanyi da motar haya. Bai taɓa son wurin ba. Ya ce a can mutum zai wuni ana gardama a kan kalma ɗaya, ya fito bai ga rana ba. Amma bai bari ba, domin akwai tambayar da ta tsaya masa a wuya. Ranar da babban layi ya iso ƙauyen da ya riga ya kafa wutarsa, me za a yi da farantan, da batiran, da kwamitin da ya koyi raba rana? A zubar da su? Mai layi ya haɗiye su? Ya ce a daftarin farko da aka miƙa musu sau ɗaya mutanen ƙauye suka fito, a matsayin masu sayen wuta. Shi kuwa so yake a rubuta su a matsayin masu abu, waɗanda dole a zauna da su kafin a taɓa ƙusa ɗaya.

In ya zo hutu, a kan mahaifiyata yake gwada hujjojinsa. Tana zaune tana tsintar wake, shi yana kai da kawowa a tsakar gida da takarda a hannu.

"Yaya, saurara. In mutum ya iske ki da rijiyakki, yaz zo da famfo nai babba, yac ce daga yau ki rufe taki..."

"Lawali, ni wake nika tsinta. Tahi ka hwaɗa ma masu kwat."

"In ke kin gane, su ma sun gane."

"Wato ni ta ma'aunin daƙiƙai ke nan."

"Ni ban ce ba."

Ta jefe shi da ƙwayar wake, ya sunkuya ya tsince ta ya mayar mata cikin faifai, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Ban san iyakar abin da ya shiga ƙa'idojin daga cikin abin da ya nema ba. Wani abokin aikinsa da ya zo gaisuwa ya ce wani ya shiga, wani an ajiye shi sai gaba, wani kuma an yi masa gyaran da shi kansa ba zai gane shi ba. Ciwon ƙoda bai jira an gama ba. Mako biyu kafin ya rasu ya sa aka jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya ce a ba ni. "Ke ad da son takarda," ya ce. "Kak ki bari gara ta riga ki karanta su."

Nakan raya a raina cewa ina zagayawa da shi cikin Kaura ta yau. Na san zai tsaya a kowace kwana. Abin da aka yi masa dariya a kai yanzu yana kan rufin mai shayi, yana kan rumfar mai cajin waya, yana jingine a bakin ɗakin laka an tokare shi da bulo. Tela ya daina jiran wuta. A kasuwa ana jera faranti kamar yadda ake jera tabarmi, kowa ya zaɓa daidai ƙarfinsa. Zai ji daɗi, na tabbata. Amma ina ganin kafin mu kai tasha fuskarsa ta canza, domin kowa nasa ya saya, kowa ya ja wayarsa ya rufe ƙofa, babu ladanin da ke raba wa kowa rana. Wanda ba shi da hali yana nan cikin duhunsa, ga hasken maƙwabci yana faɗowa ta saman katanga. Babban layin kuwa yana nan yadda ya bar shi, ya zo kamar mai leƙen gida ya koma. Sannan sai in kai shi bayan gari, inda mutanen ƙauyenmu suke zaune yanzu, kuma a nan tunanin nawa yake tsayawa kullum, don ban san irin fuskar da zan ba shi ba.

Shekara huɗu ke nan da ƙauyen ya tashi. Ba rana ɗaya aka fito ba. 'Yan bindigar daji suka fara da kore shanu, suka koma ɗaukar mutane a gona, sai gida ɗaya ya ɗaure kaya, sai gida biyu, har aka wayi gari ba a cika sahu ɗaya a masallaci. Yawancinsu nan Kaura suka yo, suka raɓa a wasu gine-gine da ba a ƙarasa ba. Akwai burtsatse a wurin, an haƙa an bar shi, babu abin da zai ɗago ruwan. Matan da suka saba buɗe famfo bayan azahar yanzu sai su bi bayan 'yan ga-ruwa, ko su yi tafiya mai nisa da jarka a ka. Na ga wadda ta koya mini kitso tana wanke jikanta da ruwan da ta wanke shinkafa.

Baffa Ila shi ne shugaban kwamitin wutar tun ranar farko. Dattijo ne dogo, mai magana a hankali, kuma a gidan da yake zaune yanzu mutum goma sha ɗaya ne a ɗaki biyu marasa ƙyaure. Ya zo gidanmu da yamma, ya zauna a bakin tabarma, ya gaisa da mahaifiyata gaisuwa mai tsawo, sannan ya juyo gare ni.

"Ɗiyata, takardar Lawali muka biɗa. Wadda tac ce kayan namu na."

Sun samu mai mota, sun samu wanda ya iya kwancewa, kuma an yi musu alkawarin rakiya. Abin da ya rage shi ne shingayen hanya. Satar faranti ta yi yawa, ba wanda zai bar mota cike da su ta wuce ba tare da shaida ba. In babu takarda, sunansu ɓarayi.

Mahaifiyata ba ta bari na amsa ba. "Ila, in kunka kwance su kun ce gari ya mutu ke nan. Mi za mu iske in mun koma? Iyayenmu na can kwance."

"Waɗanda ke kwance can ba su jin ƙishirwa, Hajiya. Jikokina na ji."

"To ku kwashe har da masallacin mana."

"Da yana ɗaukuwa da mun ɗauko."

Sai Baffa Ila ya ce da ni, "Ke kin karanta takardu nai. In da shina nan, mi za ya ce?" Na ce ya ba ni lokaci in duba.

Na duba. Na fito da akwatin na baje shi a ɗakina, mako biyu ina bi shafi-shafi, tsakanin darasi da darasi, har a cikin keke napep. Akwai daftari a kan daftari, ya ja layi, ya soke, ya rubuta a gefe da ƙananan haruffansa masu kwanciya. Ya yi tunanin abin da za a yi in babban layi ya iso kuma yana da ƙarfi, da in ya iso ba shi da ƙarfi, da in mai layi ya ƙi zama da kwamiti, da in batir ya tsufa, da in shugaban kwamiti ya mutu, har da in gari ya girma ya rabu biyu. Ya yi tanadin ranar da layi zai iso ƙauye ta kowace fuska. Bai yi tanadin ranar da ƙauyen zai tashi ba. Ko layi ɗaya babu. Mutumin da ke cin kasuwa uku kafin ya haƙa rami, bai taɓa kawowa a ransa cewa mutanen ne za su motsa su bar ƙarfen a tsaye ba. Na ji haushinsa a ranar, haushi na gaske, irin wanda ake ji da mai rai. Na rufe akwatin na fita na yi ta tafiya har gadar jirgin ƙasa na dawo, ban san abin da na fita nema ba.

Ana cikin haka wani magidanci daga cikin masu satar jiki su leƙa gonakinsu da rana ya dawo da labari. Ya ce gidaje sun zube, ciyawa ta cinye kasuwa, an ɓalle ƙyauren ɗakin magani an kwashe batiran da firjin. Amma farantan suna nan ba wanda ya ɓace, famfo yana aiki muddin akwai rana, tanki cike yake har yana zuba. Kuma, in ji shi, gilashin fes yake kamar jiya aka kafa, babu ƙasa, babu kashin tsuntsu. Wannan labari bai kwantar wa kowa da hankali ba. Baffa Ila ya sake aikowa, wannan karon saƙon gajere ne: ga shi nan, mutanen daji muke shayarwa da kayanmu, jikokinmu suna nan da ƙishirwa. Sai na yanke shawarar in ba da takardar.

Takardar shafi biyu ce. Na farko bayani ne da sa hannun maza 'yan kwamiti. Na biyu babu rubutu sai layi ɗaya a sama, cewa waɗannan ma masu abu ne, sai dangwalen yatsu a jere har ƙasa, babu suna ko ɗaya. Kowa ya san shi da shafin mata. Na ga bai dace in miƙa wa maza ba tare da ko mace ɗaya daga cikin masu yatsun ta sani ba, sai na je wajen Inna Hajo, wadda ita ce uwar matan kwamiti a wancan lokacin. Ta tsufa ƙwarai. Na iske ta bayan azahar a inuwar wani bango mara rufi tana tsefe tsohuwar katifa. Ba ta karatu, amma ta karɓi shafin ta kai shi dab da idonta ta daɗe tana bi.

"Waɗanga na bisa namu na," ta ce. "Ga nawa nan, mai tsagar wuƙa. Waɗanga na ƙasa kau, masu kalar shuni, ba namu ba na."

Sai a lokacin na lura. Rabin sama tawadar ofis ce. Rabin ƙasa wani shuɗi ne da ya koɗe.

"Na su wa ne, Inna?"

"Na matan ruga."

A ƙetaren rafin bayan ƙauyenmu akwai rugagen Fulani da suka daɗe a wurin tun kafin a haifi mahaifiyata. Matansu ke kawo mana nono, kuma da rani a tankin suke ɗibar ruwa. Inna Hajo ta ce Kawu ya kafe a kan cewa duk mai sha a tankin sai ya sa yatsa. Matan rugar suka ce ba za su shiga zauren mai gari ba, sai ya ɗauki takardar ya bi su bakin famfo. Kafin a kai kansu tawadar ta bushe, ita ce ta koma gida ta jiƙo shunin wanki a murfin kwano.

"Su Baffa Ila ba su sani ba?"

"Ya hwaɗa musu, ina tsaye. Amma da sunka ji batun shahin mata na, sai kowa yab buɗe rediyo nai."

Na koma wajen Baffa Ila da shafi biyun. Na ce masa ba zan hana takarda ba, tasu ce, amma ba zan raba shafukan ba, kuma abin da ta ce shi ne rabin masu abun ba a tambaye su ba. Ya karɓa ya duba shuɗin yatsun ya daɗe. Ya ce yatsan shekara goma sha ɗaya ne, wa ya san ko suna raye, wa ya san ko ba 'ya'yansu ne suka kore mu ba. Na ce ban sani ba. Wani a wurin ya ce a raba farantan biyu, mai kwancewar ya ce rabi ba zai ɗago ruwa ba ko can ko nan. Baffa Ila ya miƙo mini takardar da hannu biyu, ya ce in riƙe tukuna. An sallami mai mota sai an neme shi. Har yau da nake wannan rubutu ba a sami wanda zai je ya yi tambayar ba, kuma ba na ganin laifin kowa, domin a kwanakin nan in aka ga mutum yana magana da wani daga ƙetaren rafi, kafin ya dawo gida an ba shi sunan mai kai rahoto. Jikokin Baffa Ila kuwa suna nan suna bin jarka. Wannan ma ban manta ba, kuma shi ke hana ni zama.

Ina ta auna abin da ya rage na Kawu. Ƙa'idojin da ya ba sauran lafiyarsa suna can cikin wani kundi, ban san kalma nawa ce tasa ba. Batiran sun tafi. Injin niƙa ya yi tsatsa. Kwamitin da ya koya wa raba rana yana zaune a gidajen aro yana shawarar kwance aikinsa, kuma da hujjarsu. Amsar da na nema a akwatinsa babu ita. Abin da ya bar mana shi ne wannan ɗabi'a tasa mai gajiyarwa, ta ƙin taɓa ƙusa sai an zauna da kowa. Shekara bakwai yana ƙasa, ga shi ya sake tsayar da mota cike da mutane suna fifita. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa, ya ba mu ƙarfin zuciyar ƙarasa zaman da ya fara.

Akwai abu ɗaya da ban gaya wa Baffa Ila ba a ranar, don ba sirrina ba ne. Jiya na koma wajen Inna Hajo na tambaye ta ko in rubuta. Ta ce, "Rubuta. Ni na tsuhwa da tsoro." To, zai gani a nan, ko a karanta masa.

Tun farko Kawu a hannun mata ya bar shafar gilashin, da tsumma a kan doguwar gora. Juma'a da safe ta matan gari ce, Talata ta matan ruga. Rugagen ma an ci su, an kore musu shanu, samarinsu wasu sun mutu wasu sun watse, saura tsofaffi da mata da yara da 'yan awaki, kuma da rani ba su da wani ruwa sai tankin. Ɗaya daga cikin masu shuɗin yatsan tana shigowa kasuwar Kaura da nono jefi-jefi. Ita da Inna Hajo ba sa gaisawa a idon mutane. Sukan tsaya a rumfar mai gishiri, kowacce ta ba wa 'yar uwarta baya kamar ba su san juna ba, su yi maganarsu suna taya kaya. A nan mai nonon ta ba ta saƙo ta ce a kai wa matan gari, Inna Hajo kuwa ta riƙe shi shekara biyu ba ta iya faɗa wa kowa ba, sai ni, ranar da na kai mata shafin.

Mai nonon ta ce a gaya wa Haɓen nan malalata, tun da suka tafi Talata da Juma'a duk su matan ruga ke shafe gilashin. Ba su tsallake ko ɗaya ba. In sun dawo, sai sun rama.